Hunturu: Na'urar da gidanku ke buƙata ba hita ba ce

Duk shekara, da zarar jaura ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, tambayoyin da abokai ke turo min ta WhatsApp sai su canza. Maimakon "wace waya zan saya da kuɗi kaza", sai ka ji "wace hitar ɗaki ce inbata ɗina zai iya ja?" Wani kuma ya turo hoton wata 'yar na'ura da ya gani a tallan Facebook ko TikTok, wai ana jona ta da USB ta ɗumama ɗaki guda cikin minti biyar. Amsata ɗaya ce, kuma ba ta yi wa kowa daɗi: ka riƙe kuɗinka. In har za ka kashe wani abu saboda sanyin bana, ka sayi na'urar da ba ta ɗumama komai, wadda aikinta kawai ta yi maka ihu cikin dare.

Bari mu fara da lissafi, tunda mu 'yan waya mun san mAh ɗin batirinmu kamar sunanmu, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa juya hita ya karanta abin da aka rubuta a bayanta.

Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗauke da wutar da ta kai kusan wat-awa 19. Fawa bank mai 20,000mAh, wanda muke alfahari da shi, kusan wat-awa 74 ne. Hitar ɗaki ta sosai kuwa wat 2,000 take ja. Ma'ana, da za ka iya jona ta da batirin wayarka, ko daƙiƙa 40 ba za ta yi ba. Fawa bank ɗin zai ba ka minti biyu da ɗan wani abu. Ita kuwa waccan ta USB, ramin USB na yau da kullum wat 10 yake bayarwa. Jikin mutum babba da ke zaune ba ya komai yana fitar da ɗumin da ya kai wat 80 zuwa 100. Wato ƙaninka da ke kwance a gefen katifa ya fi na'urar ɗumama ɗakin sau takwas ko goma, kuma ba a jona shi da komai.

To inbata fa? Batirin 12V mai 200Ah wat-awa 2,400 ne a takarda. Idan irin mai ruwa ne ko makamancinsa, rabin wannan kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya yi ƙarko. Hita mai wat 2,000 za ta lashe rabin nan cikin kusan rabin awa, in ma inbatan bai kashe kansa tun daƙiƙar farko ba. Ƙari a kan haka, a hunturu ne faifan sola ke shan wahala. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana rage hasken da ke saukowa, sannan ta kwanta a kan faifan. Lokacin da ka fi ƙarancin caji shi ne lokacin da kake son ɗora masa kaya mafi nauyi.

Saura wutar gwamnati. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu Band A zuwa naira 225 kowane yunit. An ɗan rage daga baya, amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Hita mai wat 2,000, awa shida a dare, yunit 12 ke nan. Ko a naira 200 ka lissafa, dare talatin ya tashi naira 72,000, ya haura mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka tsayar a naira 70,000 a shekarar. Ɗaki ɗaya fa ake magana. Wanda ba ya Band A yana biyan ƙasa da haka, amma awannin wutarsa ma ƙasa suke, kuma sanyin asuba ba ya jiran a kawo wuta.

Saboda haka a Ungogo, daga Bachirawa har Panisau da ƙauyukan da ke bayansu, abin da ke ɗumama ɗaki shi ne abin da ya saba: kasko da gawayi, ko kurfoti, ko ragowar garwashin girkin dare. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da tsadar gas da ta biyo baya, gidaje da yawa da suka bar gawayi sun koma masa. Ba na cikin masu hawa intanet su ce "a daina sa kasko a ɗaki" su wuce. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo da rufin kwano babu silin, a tsakiyar Janairu lokacin da awon sanyin asuba ke sauka kusa da digiri 12 ko ƙasa, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya san wannan wa'azin ba zai shiga kunnen tsohuwa ko mai jego ba. Kasko yana nan, kuma zai ci gaba da zama. Abin tambaya shi ne yadda za a kwana a tashi.

Ni kaina a jikina na koya. Wani hunturu da ya wuce ina da aikin wata manhaja da ya kamata na miƙa, kullum sai na kai ƙarfe biyu ko uku na dare a ɗakina na zaure. Yatsu na sandarewa a kan kwamfuta, sai na fara ɗebo garwashi daga madafa, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na saki labule. Daɗi kamar me. Da safe sai na tashi kai na sarawa, jiri, zuciya na tashi. Na ce kallon allo ne. Kwana na biyu na ce zazzaɓin sauro ne, har na je kemis na sayi magani. Kwana na huɗu gawayi ya ƙare a gidan, na kwana cikin rigar sanyi biyu da safa, na tashi garau. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan: in ka cire layi ɗaya matsala ta ɓace, to ka san inda ƙwaron yake. Abin da ya tayar min da hankali ba ni ba ne. Kakata ce, wadda ke kwana da ƙannena biyu da kasko a ɗaki kowane dare, kuma ta daɗe tana cewa hunturu na sa mata ciwon kai.

Sunan abin iskar kabon monoksaid. Tana fitowa ne duk inda wani abu ke ci da wuta ba tare da isasshiyar iska ba: gawayi, itace, risho, gas, da uwa-uba hayaƙin janareta. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Idan ta shiga huhu sai ta maƙale wa jini a daidai wurin da iskar oksijin ke zama, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200. Mutum na numfashi lafiya lau a ganin ido, amma ƙwaƙwalwa da zuciya na yunwa. Wanda ke farke zai ji ciwon kai da kasala. Wanda ke barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Jarirai, masu ciki, tsofaffi da masu ciwon zuciya su ta fi saurin kayarwa, wato daidai mutanen da muke kai wa kasko saboda tausayi.

Akwai wata fahimta da ta zauna a gidajenmu, kuma ita ce na fi son mu rushe. Ana cewa a bar gawayi a waje ya ruru, in ya daina hayaƙi ya yi jajir, shi ke nan babu illa. Rura shi a waje daidai ne, yana rage hayaƙin da ke cutar da ƙirji. Amma garwashin da ya yi ja ba ya hayaƙi bai daina fitar da wannan iskar ba. Yana ci gaba har ya mutu, kuma yayin da iskar ɗakin ke raguwa, toka na lulluɓe shi, abin ƙaruwa yake. Hayaƙi ma gata ne, don yana korar mutum waje. Wutar da ta yi shiru ita ce ke barin ka kwance.

Wani zai ce kakanninmu sun shekara ɗaruruwa suna kwana da wuta a ɗaki, har gadon ƙasa ake yi da ramin garwashi a ƙarƙashi. Gaskiya ne. Amma duba ɗakin da suka kwana. Ɗakin ciyawa yana numfashi ta rufinsa. Ƙofar asabari ko tufaniya ba ta rufe iska. Soron ƙasa mai katanga mai kauri kuma yana shan zafin rana ya riƙa sakinsa cikin dare, don haka wutar da ake buƙata kaɗan ce. Mu kuma mun gina ɗakin bulo da ke sakin ɗumi da wuri, muka sa masa ƙofar ƙarfe, taga mai gilashi da alminiyon da ke rufuwa ruf, wasu har da silin roba, sannan muka ɗauko kaskon kaka muka shigar ciki. Mun sabunta ɗakin, ba mu sabunta ɗabi'ar ba. Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. A Koriya ta Kudu, a shekarun 1960 da 1970, dunƙulen gawayin kwal da ake ɗumama daɓen ɗaki da shi ya kashe mutane masu yawa cikin barci. A Amurka ma, lokacin tsananin sanyin da ya katse wuta a jihar Texas a Fabrairun 2021, mutane sun mutu saboda sun shigar da janareta da murhun gawayi cikin gida.

Yanzu ga inda waya ba za ta cece ka ba, kuma ya kamata a faɗa a shafi irin wannan. Babu sensar wannan iska a cikin wayarka, ko Tecno ce, ko Samsung, ko iPhone. Duk manhajar da ta ce za ta auna maka ita da waya kaɗai ƙarya take, talla take son nuna maka. Agogon hannu mai auna oksijin na jini, da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa wadda ta yaɗu lokacin korona, su ma ba sa bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar. Suna iya nuna maka 98 alhali kana cikin haɗari. Ga 'yan uwana masu wasa da Arduino kuma: na san MQ-7, na haɗa, yana da daɗin koyo. Amma sensa ce da ke buƙatar a daidaita ta, karatunta na yawo da zafi da laima, kuma tana cin wuta. Ka yi gwajinka da ita a kan tebur, kada ka ɗora ran mahaifiyarka a kanta.

Abin da nake cewa a saya shi ne ƙararrawar gano kabon monoksaid. Girman tafin hannu ce, batir take amfani da shi, ba ruwanta da wutar gwamnati ko data, kuma kuɗinta bai yi nisa da na fawa bank mai kyau ba. Amma a kula da abin da za a ɗauko. Ƙararrawar hayaƙi daban, wannan daban, ko da sun yi kama a hoto. Ta hayaƙi ba ta jin wannan iska, kuma ƙurar hunturu kan sa ta ihun banza har mutanen gida su cire mata batir. Ka duba kwalin ka ga EN 50291, ma'aunin Turai, ko UL 2034, na Amurka. A ƙa'idar Turan, idan iskar ta kai 50ppm dole ta yi ƙara tsakanin minti 60 zuwa 90, a 100ppm tsakanin minti 10 zuwa 40, a 300ppm kuma cikin minti uku. Na fi son mai ɗan allo da ke nuna lamba, domin lamba na gamsar da mai gardama. Sensar cikinta tana tsufa, yawanci shekara biyar zuwa goma, kuma akwai ranar ƙarewa a jikinta, don haka wadda ta daɗe a shago ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta. Maɓallin gwajin da ke gabanta, a yawancinsu, batir da jiniya kawai yake gwadawa. A rataye ta a ɗakin kwana, kusa da tsayin da mai barci ke shaƙar iska, ba a bayan labule ko cikin sif ba, ba kuma a kan kaskon ba.

A Ingila doka ce tun 2015 mai gidan haya ya sa irin wannan ƙararrawa a ɗakin da ake ƙona itace ko kwal, kuma a Oktoban 2022 aka faɗaɗa dokar. Ban ce mu jira irin wannan doka ba. Abin da nake fata ƙarami ne: masu shagunan kayan waya a Farm Centre da titin Beirut su ajiye ta kusa da caja da iyafis daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A nan matasa ke zuwa, kuma a kowane gida akwai wannan matashin da ake kira in talabijin ta ƙi kamawa ko data ta ƙare. Kai ne injiniyan gidan, ko an naɗa ka ko ba a naɗa ba. In ka kawo ta ka rataye, za a yi maka tsiya kwana biyu a bar ta.

Kada a ɗauka ƙararrawa lasisin kwana da wuta ce. Mai gadi ce ta ranar da aka yi kuskure. Tsarin da muka koma a gidanmu shi ne: a rura a tsakar gida, a shigar a ɗumama ɗakin da taga a ɗan buɗe mutane na farke, kafin a kwanta a fitar da shi waje a kashe da ruwa ko ƙasa. Bayan an fitar, an bar iska ta ɗan zaga, sannan a toshe ƙasan ƙofa, a saki labule mai kauri. Toshe kafofi shawara ce mai kyau, kasko ma yana da amfaninsa, amma biyun ba sa kwana ɗaki ɗaya. Sauran aikin na jiki ne: ya fi sauƙi ka ɗumama mutum fiye da ka ɗumama ɗaki. Riga biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, hula da safa, tabarma ko darduma ƙarƙashin katifa don daɓen siminti na zuƙe ɗumi, da gorar ruwan zafi a naɗe da zane a sa wajen ƙafa. Mai gida da ke da ɗan hali, in ya tambaye ni inda zai sa kuɗi, silin zan ce. Yana riƙe ɗumi a Janairu, ya tare zafin kwano a Afrilu, ba ya cin yunit ko ɗaya.

Inda za a fitar da kaskon ma abin lura ne a wajenmu. Bayan kaka kowane gida a nan cike yake da karan dawa da na gero, harawa a kan rumfa, danga ta bushe ƙayau. Tartsatsi ɗaya da iskar hunturu sun isa. Shi ya sa hukumar kashe gobara ta jihar Kano ke maimaita gargaɗi duk shekara a wannan lokaci.

Hitar ruwa, wannan ƙarfen da ake tsomawa a bokiti, ita ce abokiyar kasko a ɓarna. Ɗumama bokitin lita 20 daga sanyin randa zuwa na wanka na cin kusan wat-awa 580, kwatankwacin cika waya sau talatin. Hita mai wat 1,000 za ta yi sama da rabin awa tana jan wuta mai nauyi, kuma mukan jona ta a ekstenshan mai siririyar waya da aka yi don caja. In ka taɓa filogi ka ji ɗumi, wayar na gaya maka ba za ta iya ba. Babban haɗarin kuma kowa ya san shi: an tsoma hita, an ɗauke wuta, an manta an fita, an dawo da wuta babu kowa, ruwa ya ƙone, bokitin roba ya narke. Akwai soket mai wayo da ake saitawa ta waya, wasunsu na da zaɓin su zauna a kashe idan wuta ta dawo. In za ka saya, nemi mai 16A, ka shiga saitin ka kunna wannan zaɓin da hannunka. Amma zare filogi da zarar an ɗauke wuta kyauta ne kuma ba ya buƙatar Wi-Fi. Haka wanda zai rufe gida ya yi tafiyar hutun ƙarshen shekara: ya kashe babban makunni, ya rufe kan tukunyar gas. Af, masu cusa waya ƙarƙashin bargo tana caji wai kada sanyi ya kashe batir, sanyin Kano bai kai ya cutar da batirin waya ba. Zafin da ke taruwa ƙarƙashin bargon shi ne abin tsoro.

Disamba watan biki ne. Makarantu na hutu, ana ɗaurin aure kusan kowace Asabar, baƙi na cika ɗakuna, ana kunna janareta har dare, sai a jawo shi zaure ko ƙarƙashin taga saboda tsoron ɓarayi. Hayaƙin ƙaramin janareta ya fi na kasko saurin cika ɗaki nesa ba kusa ba. Wajensa fili, nesa da taga da ƙofa, a sa masa sarƙa da kwaɗo in sata ake tsoro. Sannan a tuna azumi na matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, zuwa 2030 a farkon Janairu zai kama. Girkin sahur a tsakiyar sanyi, a rufaffen kicin ko a cikin ɗaki, zai zama ruwan dare a 'yan shekarun nan.

In ƙararrawa ta yi ƙara, ko ka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai da amai lokaci guda, kada a tsaya neman dalili. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa fili, har wanda ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Wanda ya suma ko ya rikice a garzaya da shi asibiti, a gaya wa ma'aikata a fili cewa da gawayi ko janareta ya kwana, domin oksijin yake buƙata, ba madara ko manja ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ka kuma ajiye lambar 'yan kwana-kwana mafi kusa da ku a waya tun yau.

Ranar da na rataye ta a ɗakin kakata, kallona ta yi ta ce, "Mai gida, wannan kuma rediyon me ka kawo min da ba ya magana?" Na ce, "Iya, addu'ata kada ki taɓa jin muryarsa." Dare na uku ya yi magana, wajen ƙarfe ɗaya, ranar da aka ce sanyi ya yi yawa a bar kaskon "na yau kawai". Muka fito da su tsakar gida cikin bargo, tana faɗa, yaran na kuka. Tun daga nan ita ke tuna wa yaran su fitar da wuta kafin a kwanta, ko da yake har yanzu cewa take don kar abin nan ya hana ta barci ne. Na rubuta ranar ƙarewarsa da maka a jikin bango, kuma batirinsa duk farkon Nuwamba nake canzawa.